Ƙoƙon Ruwa a Kan Gadon Harbin Kakana

Mun bar gida ranar Talata ana sallame sallar asuba, ni da kakana mahaifin babana, da wani kaya naɗe cikin buhun taki wanda shi ne dalilin tafiyar. Wasunku sun tambaye ni ina na shiga kwana uku ban ce komai a nan ba, ko da yake dama ni ba mai yawan magana ba ne. To, ga inda na je.

Abin da ke cikin buhun shi muke kira gadon Kaka a gidanmu. Ba na kwanciya ba ne. Katako uku ne na maɗaci da aka haɗa, faɗinsu kamu ɗaya da rabi, iya inda mutum zai zauna ya naɗe ƙafa ɗaya. A bayansa akwai wani katako tsaye da ke jingina da jikin bishiya, sai sanduna biyu masu tokare shi daga ƙasa. Mahaɗansa duk fata ce, babu ƙusa ko ɗaya, don haka yana naɗewa a rataya shi a kafaɗa. Maharbi yakan ɗaura shi a bishiya, ya hau ya zauna, ya jira dabba ta zo ƙarƙashinsa. Kaka ya fi shekara arba'in yana yawo da wannan gado. Bara, wajen ƙarshen damina, ya zame daga kansa ya faɗo, ya karya tsintsiyar hannun hagu. Tun ranar mahaifina da ƙannensa suka yanke cewa ya gama hawa bishiya. Aka kulle bindigarsa a ɗakin mahaifina, aka ɗora gadon a saman ɗakin ajiya. Kaka bai yi gardama ba. Hannun ya warke, amma shi ya koma zama a zaure daga hantsi zuwa la'asar, ko rediyo ba ya kunnawa. Tsokanar da ya saba yi mini ma ya daina, kuma wannan ya fi damuna.

Sai ga saƙo daga ƙanwarsa, wadda mahaifina ke kira Gwaggo, mu ma muka bi bakinsa. Tana zaune a wani ƙauye tsakanin Roni da Gwiwa. Mijinta ya rasu, 'ya'yanta maza suna kudu. Jajayen birai sun sauko daga dutse sun sa gonar gyaɗarta gaba, ita kuwa da wannan gyaɗar take yin mai da ƙuli-ƙuli duk shekara. An buga gwangwani, an kafa mutum-mutumi, biran sun saba da duka. Ta ce a gaya wa Yaya ya zo.

Mahaifina ya kwana biyu yana juya maganar. A ƙarshe ya kira ni ya ce zai bar Kaka ya je, ba da bindigarsa ba, kuma da sharaɗi.

"Kai za ka ɗaura gadon, ba shi ba. In bai zauna daidai ba, ko zai yi fushi da kai shekara guda, ba zai hau ba. Ka dawo ka faɗa mini abin da ka gani."

An zaɓe ni ne saboda ina karatun zanen gine-gine, kuma an san ni da aune-aune. Ba a tuna cewa ban taɓa hawa abin da ya wuce benen makarantarmu ba. Ana gobe za mu tafi na sauko da gadon, na goge shi, na shafa wa fatun man kaɗanya. Tsohuwar igiyarsa ɓeraye sun gama da ita, sai na yar, na rubuta a ɗan littafina cewa zan sayi sabuwa a Kazaure.

A tashar Babura muka karya da koko da ƙosai. Ɗan kamasho ya dubi buhun ya ce wannan kaya ne, sai an biya masa kuɗinsa daban. Kaka ya ce ba kaya ba ne, ɗansa ne na fari, a cinya zai riƙe shi. Haka kuwa aka yi. Mu huɗu muka matsu a baya, har da wani ɗan Nijar mai fataucin dabino da ya yi ta ƙorafi cewa jiya sefarsa ta fi yau daraja. Hanya ta sha ruwa, kowane rami ya zama ɗan kududdufi, direba yana kauce musu kamar mai rawa. Gero ya fitar da kai, dawa ta wuce tsayin mutum, ko'ina kore shar. Kaka ya rufe ido tun da muka fita gari, na zaci barci yake. Amma can sai ya ce mun kusa mararrabar Yankwashi, kuma haka ne. Ya ce ai gwiwarsa ta san kowace gargada ta wannan hanya.

Mun shiga Kazaure da hantsi. Duk sanda na zo garin nan duwatsunsa ke fara taryata, bana kuma sun yi ciyawa har wuya, ruwan dam ya cika yana sheƙi. Da za mu tsallaka titi Kaka ya kama wuyan hannuna gam, ya ce yana tsoron kada mota ta kwashe masa ɗan boko bai gama karatu ba. Na ji daɗi, don wannan ce tsokana ta farko da ya yi mini a cikin shekara guda. A kasuwa na zaɓi igiyar roba shuɗiya, mai kauri, wadda mai shagon ya rantse za ta iya jan mota. Na auna kamu ashirin, na sake aunawa. Na miƙa wa Kaka ya gani. Ya murza ta tsakanin yatsu, ya kai hanci ya sansana.

"Tana da kyau, Malam," in ji shi. "Akuya za ta ji daɗinta."

Ban gane ba, kuma na ji kunyar tambaya.

Daga Kazaure zuwa Roni tafiya ce gajeriya. Ƙauyen Gwaggo a ƙasar Gwiwa yake, amma da damina ta wannan ɓangaren ya fi sauƙin shiga. Muka sayi dafaffiyar gyaɗa ɗanya a bakin tasha, ƙulli ɗaya naira ɗari, muka ɗauki 'yan acaɓa biyu. Nan kwalta ta ƙare. Hanyar jar ƙasa ce da ke ratsa gonaki da ƙananan duwatsu, sau biyu muna sauka mu naɗe wando mu tsallake ƙorama. A ta biyun, Kaka ya dubi wata gona ya tambayi wane marar tsoron Allah ne ya saki tumaki cikin shukar mutane. Fararen duwatsu ne. Ɗan acaɓansa ya yi dariya, ni ma na yi, don na ɗauka wasa yake.

Ana kiran azahar muka isa. Gwaggo ta fito daga madafa hannunta duk gari, gajeriya, kamarsu ɗaya da Kaka har tsagar goshi. Ya tsaya a tsakar gida bai motsa ba sai da ta ce, "Yaya, kai ne?" Sannan ya juya wajenta, fuskarsa ta saki. Sun daɗe suna gaisuwa, suna lissafa waɗanda suka rasu tun rabonsu da juna. Ni kuwa ta ce ga mijinta ya zo mata hannu rabbana, kuma duk karatu ya tsotse shi, in ba ta ɗura mini abinci ba kishiyoyinta na birni za su ce ba ta iya riƙon miji ba. Ta yi mana ɗanwake da man gyaɗarta. Na ci kwano ɗaya da rabi saboda ba ta bar mini wata hanya ba.

Bayan la'asar muka tafi gona, ni ɗauke da gadon da tsanin rumbunta, ita da buta, Kaka da tsohuwar jakarsa ta fata. Gonar tana gindin wani dutse. Gefen da ke kusa da dutsen kamar an yi tonon gyaɗa tun lokaci bai yi ba: ganye a warwatse, ɓawo ko'ina, an ci rabi an yar da rabi. Gwaggo ta tsuguna ta ɗauki wani tushe, ta karkaɗe shi, ta ajiye. Ta ce saura mako uku gyaɗar ta ƙosa, in aka ci gaba haka ko iri ba za ta samu ba.

Bishiyoyi biyu ne a bakin gonar. Akwai wani gawo miƙaƙƙe kamar an ja shi da layi, nan take na nuna shi. Kaka ya tambaye ni ko yana da ganye. Sai na tuna gawo da damina yake zubar da nasa. Duk wanda ya zauna a kansa, biri zai hango shi tun daga kan dutse. Ɗayar kuma kanya ce, mai duhun ganye, amma ta karkata wajen gabas tun daga gindi, ta kuma murɗe a tsakiya kamar wanki da aka matse. Kaka ya dafa ta, ya zagaya ta da tafin hannu, ya ce ita ce.

Kafin in hau ya ba ni dokoki da murya ƙasa-ƙasa. Biran sun koma dutse, amma suna ji kuma suna kallo. Ba a buga komai. Ba a jan katako a jikin bishiya, ɗaga shi ake yi a ajiye. In cire takalmi, in bar wayata wajen Gwaggo. Ya naɗe kawunan tsanin da tsumma don kada su goga. Igiyar farko a zagaya ta sama da inda gadon zai zauna, a rataye shi sako-sako, ta yadda ita za ta ɗauki nauyin, hannu biyu su samu damar aiki. Sai daga baya a ɗaure ƙasa.

Na hau kamar tsayin mutum biyu. Na yi yadda ya ce. Na daɗe ina gyarawa, ina kanne ido ɗaya ina dubawa, har na tabbata gadon ya miƙe. Na yi musu alama da hannu cewa an gama. Sai Kaka ya buɗe jaka ya fito da wani ɗan ƙoƙo, wanda tsufa ya mai da shi ja. A cikinsa an ƙona wani siririn zane da ya zagaye shi. Gwaggo ta zuba ruwa daga buta daidai zanen, ta miƙo mini. Na ɗora shi a tsakiyar gadon, na jira ruwan ya natsu. A gefe ɗaya ya haye zanen, a ɗaya gefen ya rage yatsa biyu. Na sake duba gadon, ido na ce mini daidai yake. Na sake duba ruwan, yana nan inda yake.

Da na sauko na faɗa masa, Kaka ya ce haka kowa ke yi. In ka hau karkatacciyar bishiya, duk abin da ke kewaye da kai a karkace yake, sai ido ya bi bishiyar ya ɗauka ita ce miƙaƙƙiya. Karkatar yatsa biyu ba a jin ta da farko. Sai ka zauna awa ɗaya, ɗuwawu ya mutu, jiki ya riƙa silalewa kaɗan-kaɗan ba ka sani ba. Ya ce kada in yi kokawa da gadon, kuma kada in ce zan miƙar da bishiya. In duba inda jikinta ya gudu ya bar rata tsakaninsa da katakon baya, in cike wurin.

Ya zazzago abin cikewar daga jaka: guntayen itace da aka fere kamar bakin gatari, manya da ƙanana, kowanne a naɗe cikin tsumma don kada itace ya taɓa itace ya yi ƙara. Na gane tsumman. Atamfa ce kore mai zanen ganye, zanen kakata ne, matarsa, wadda ta rasu shekara huɗu da suka wuce. Gwaggo ma ta gane, na ga ta kau da kai. Kaka ya ce ita ce ke naɗe masa su, kuma ba ta taɓa yarda ya ɗauki sabon zane ba, sai wanda ya sha wanki ya yi laushi.

Na koma sama na tura babba ɗaya ta ƙasa wajen gabas, na tura ƙarami ta gefe. Ruwa ya kwanta a kan zane. Na ɗaure igiyar ƙasa tamau, na miƙa ƙoƙon, na zauna a hankali don gwaji. Sai ga wata ƙara, ƙiiii, siririya, kamar ƙofar da ba a sa wa mai ba. Na ɗan motsa, ta sake. Igiyata ce, sabuwa, shuɗiya, mai jan mota. Tana zamewa a ɓawon kanya tana kuka, kuma kowane kuka yana sassauta abin da na cusa. Na leƙa ƙasa. Kaka yana tsaye ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna girgiza. Dariya yake ba sauti. Sai a lokacin na gane maganar akuya.

Rana ta fara yin ja. Gwaggo ta kama hanyar gida da sauri, ta dawo da igiyar rama da ta tufka da hannunta, tsohuwa, mai laushi, wadda take ɗaure dami da ita. Na kwance duk aikina na fara daga farko. Wannan karon hannuna ya ɗan saba. Na rataya, na cusa babban guntun, na zagaya igiyar ƙasa, na ɗora ƙoƙo. Saura ƙaramin guntun na gefe, yana cikin aljihuna, sai na ji tsani ya motsa. Kaka ne ke hawowa. Kafin in hana shi ya iso. Na matsa kan reshe, ya tsaya a matakin ƙarshe, kansa daidai da gadon. Ya kusantar da fuskarsa ga ƙoƙon har hancinsa ya kusa taɓa ruwan. Ya daɗe yana kallo.

"Ya zauna," in ji shi.

Bai zauna ba. Ruwan ya rage yatsa guda a gefen arewa, ni da ke nesa ina gani sarai. A nan komai ya haɗu a kaina: hannuna da ya kama a titin Kazaure, tumakin da suka zama duwatsu, tsayuwar da ya yi a tsakar gida har sai da ƙanwarsa ta yi magana, ganyen gawo da sai da ya tambaya. Na dubi idonsa daga kusa, abin da kunya ba ta taɓa barina na yi ba. Akwai wani fari-fari a tsakiyar baƙin, kamar an ɗiga nono a ruwa.

Na ce masa akwai guntu ɗaya da ya rage a aljihuna, kada ya yi kishin 'yan'uwansa, bari in ba shi wuri. Na tura shi a hankali har ruwan ya kwanta a kan zane ta kowane gefe. Kaka ya ce in juye ruwan ƙoƙon a kan igiyar. Rama a bushe ake ɗaure ta, in ta sha ruwa sai ta kumbura ta kama bishiya, bakinta ya mutu. Na zuba, na ƙara daga buta. Na zauna, na motsa dama, na motsa hagu. Shiru.

A hanyar gida Gwaggo ta yi gaba don ta ɗora tuwo. Muna tafe a hankali, yana dafe da kafaɗata, bai ma nemi wata hujja ba wannan karon.

"Yatsa nawa ya rage?" ya tambaya.

"Ɗaya, Kaka."

Ya yi 'yan taku. "Bara ina jin biyu ne."

Bayan magariba na zauna da tuwo a gabana na kasa ci, har Gwaggo ta ce ko wata ta riga ta ciyar da ni a hanya. Sharaɗin mahaifina ya cika, gado ya zauna daidai. Amma bai san maganar ido ba lokacin da ya kafa shi. Ga kuma bindigar marigayi mijin Gwaggo, ta gargajiya, da Kaka ya sa aka sauko masa da ita yana gogewa. Mutumin da ba ya ganin ruwa a ƙoƙo, ya riƙe bindiga a gonar da mutane ke wucewa. In na ce kada ya hau, na san zai miƙa mini bindigar ba musu, ya koma zaurensa, kuma ba na jin zai sake fitowa.

Da asuba bayan salla na zauna kusa da Kaka yana yi wa bindigar ɗuri. Na sa ido sosai, don a nan na yi niyyar yin magana. Ya auna albarushi a tafin hannu, ya zuba, ya tura tsumma, ya danna da sanda. Shi ke nan. Ya jingine bindigar. Na ce ya manta dalma. Ya ce bai manta ba, damina uku ke nan bai sa dalma a bindiga ba, tun ranar da ya ga kututture ya ɗauka gada ce. Ya ce biri ba kashe shi ake bukata ba. Ya saba da ƙarar da ke zuwa daga nesa, daga wajen mutane. Abin da ba ya mantawa shi ne bishiyar da ya yarda da ita, ya zauna a inuwarta yana ci, ta fashe a kansa. Shi ya sa duk aikin yana ga shirun.

Na ɗauki tsani muka tafi, Gwaggo tana biye da mu.

Gari bai gama wayewa ba, raɓa ta jiƙa mana ƙafafu. Na fara hawa, na ɗora ƙoƙo, ruwa yana kan zane. Na sake jiƙa igiyar. Kaka ya hau, ya zauna, ya naɗe ƙafa ɗaya kamar wanda ya dawo ɗakinsa. Na ɗaura masa igiya a ƙugu na haɗa da reshe, da shuɗiyar igiyata, don ta samu abin yi. Ya ce ashe shi ne akuyar. Na miƙa masa bindiga, na zauna a reshen da ke sama da kafaɗarsa, Gwaggo ta janye tsanin ta kwantar cikin dawar maƙwabta ta koma gida.

Ban taɓa sanin zama aiki ne ba sai ranar. Cinnaku suka same ni, ƙafata ta mutu, hancina ya yi ta ƙaiƙayi. Kaka kuwa ko numfashinsa ba na ji. Rana ta fito ta bugi dutsen. Kurciya ta yi kuka ta gaji. Can wajen hantsi ya ɗaga yatsa ɗaya daga kan gwiwarsa. Ban ga komai ba. Sai bayan wani lokaci na hango babban namiji a kan wani dutse, ja, dogo, fuskarsa kamar ta dattijon da aka ɓata wa rai. Ya daɗe yana duba gonar. Ya dubi gawo, ya dubi kanyarmu, na ji kamar cikin idona yake kallo. Sannan ya sauko, sauran suka biyo shi, mata da 'ya'ya maƙale a cikinsu. Kaka yana lanƙwasa yatsu ɗaya bayan ɗaya, idonsa a rufe. Ya tsaya a goma sha ɗaya. Na ƙirga da ido, goma sha biyu ne, amma na ƙarshen jariri ne da ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa ba.

Suka bazu cikin gyaɗar. Babban ya tumɓuke tushe guda ya jawo shi har inuwar kanya, ya zauna daidai ƙarƙashinmu yana ɓarewa. Ina jin ƙarar ɓawon. Kaka ya ɗaga bakin bindiga sama, a hankali ƙwarai, ya karkata jikinsa ya nemi rata tsakanin ganye. Duk nauyinsa ya koma gefe ɗaya na gadon. Na riƙe numfashi ina sauraron igiya da katako da zanen kakata. Babu wanda ya yi magana.

Ƙarar ta cika kwarin, dutse ya maido ta. Hayaƙi ya rufe mu, ganye suka zubo. Kafin ya washe babu biri ko ɗaya a gonar, sai jar ƙura da ihunsu can sama. Babban ya bar gyaɗarsa a gindin bishiya. Kaka ya ajiye bindigar a cinya, ya yi dariya, wannan karon da sauti, har hawaye suka zubo masa. Ya laluba ya kama ƙafata da ke reto kusa da kunnensa, ya riƙe ta.

Mun ƙara kwana ɗaya, muka sake zama da safe, ba su sauko ba. Ranar Alhamis na kwance gadon, na mayar da guntayen itacen cikin jaka ɗaya bayan ɗaya, na ƙirga su sau biyu. Gwaggo ta ba mu igiyar ramar da galan ɗin mai, ni kuma ta ɗaure mini ƙuli-ƙuli ta ce in ɓoye kada kishiyoyi su gani. Ta rako mu har bakin ƙorama tana riƙe da hannun rigar yayanta. Ina jin ta sani tun ranar da muka zo.

Muka fita ta Roni, muka sha fura da nono a gindin wata ɗorawa kafin mota ta cika. A nan Kaka ya ce in mun isa in faɗa wa ubana abin da na gani, kada in rage komai, don amana ya ba ni. Na ce to. Daga Kazaure zuwa gida ya yi barci na gaske, kansa a kafaɗata, gadon a cinyarsa.

Mun tarar da mahaifina a zaure bayan la'asar. Na durƙusa na gaishe shi, na buɗe littafina na fara bayani: bishiyar kanya ce, tsayi kaza, gado ya zauna daidai, bai yi ƙara ba. Na zo wajen maganar ƙoƙo sai na rufe littafin. Kaka ya karɓe. Ya ce ba ƙarfi ne ya ƙare masa bara ba, kuma ba ganganci ba ne, ruwan ne ya daina gani, ya ji kunyar faɗa wa 'ya'yansa. Ya ce yanzu ma fuskar wanda ke gabansa ba ya gani, muryarsa kawai ya sani.

Mahaifina bai ɗago kai ba. Ya jawo jakar, ya fito da ƙoƙon, ya bi zanen da babban yatsa har ya zagayo. Ashe shi ya ƙona zanen da zafaffen ƙarfe yana yaro, ban taɓa sani ba. Ya ce wannan yanar ido ce, ana cire ta, abokin aikinsa an yi wa mahaifiyarsa tana gani har tana zura zare a allura. Ya ce ranar Litinin za su je asibitin ido.

"In an gyara idon, Baba, baɗi ni zan hau in ɗaura maka," in ji mahaifina.

"Kai?" in ji Kaka. "Kai da ka juye mini ƙoƙo a ka sau biyu? Ka dai riƙe mana tsani, ni da Malam."

Mahaifina ya yi dariya, ya juya fuska wajen bango ya daɗe yana gyara hularsa.

Gwaggo ta kira shekaranjiya, ta ce kwana tara ke nan biran ba su sauko ba, gyaɗa ta fara ƙosawa. An duba idon Kaka, an ba su ranar aiki. Na je tafiyar nan da littafi cike da awo, na dawo na ƙara layi uku kacal: rama a bushe ake ɗaure ta, gawo ba shi da ganye da damina, kuma kada in yarda da idona a kan karkatacciyar bishiya. Shekara guda muna gida ɗaya da Kaka, kullum ina wuce shi a zaure ina gaishe shi kaina a sunkuye, duk mun ɗauka fushi yake da mu. Yanzu in na gaishe shi nakan ɗago in dube shi. Ƙoƙon yana rataye a ƙusa a zauren, inda hannunsa zai iya kaiwa.